Kwana biyar a Paris da baƙona ɗan Iran

Abokina ɗan Iran ne, mutumin Shush a lardin Khuzestan, wannan ne zuwansa Turai na farko, ni kuma na ɗau hutu na zama ɗan rakiya. Tun a filin jirgi na fara karatu, ashe katin bankinsu baya aiki a waje sam, takunkumi ya sa babu Visa babu Mastercard a Iran, duk guzurinsa Yuro ne a wata 'yar jaka da ya rataya cikin riga. Da katina muka biya otal, shi ya ƙirga min a hannu. In zaka karɓi baƙo daga can, wannan ku fara shiryawa.

Washegari maƙwabciyata ta yi masa tayin shayi, yace a'a na gode, ita kuwa ta ɗauke butarta ta wuce. Muna fita yace min wallahi yana son shayin, a wajensu sai an yi tayi sau biyu sau uku kafin ka karɓa, ta'arof suke kiransa. Nace ai kawaicinmu kenan. Daga ranar in yace a'a sai na sake tambaya.

Amma inda na yi babban kuskure shine Louvre, babban gidan adana kayan tarihi na Paris. Ni na tsara mu ga shahararren zanen nan Mona Lisa mu fita cikin awa biyu, shi kuwa yana shiga ɓangaren Iran ta dā ya tsaya cak gaban siffofin maharba na fadar Sarki Dariyus, da aka yi da tubali mai sheƙi, rawaya da shuɗi-shuɗi, kowa da mashinsa da kwari a baya, sai kan ginshiƙin nan mai bijimai biyu sun durƙusa. A Shush, garin su abokin nawa, Faransawa suka haƙo su. Har dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila na dā, a Shush aka tono shi a 1901. Yace min, "Ɗan'uwa, a gindin tudun da aka haƙo waɗannan na yi wasa ina yaro, ga shi sai da na nemi biza na sayi tikiti kafin in ga abin da ke cikinsa." Bai faɗa da fushi ba, har yabon yadda suka adana kayan yake yi, amma idonsa ya kawo ruwa.

Na daina duba agogo. Nan muka wuni har masu gadi suka fara sallamar mutane, Mona Lisa kuwa sai ranar Laraba muka koma don Talata basa buɗewa.