Jinin da ke kan takardun Yoshitoshi

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau tun safe aikin guda ne: gwada buga jan launin da ke cikin hotunan kisa na Jafan, waɗanda suke kira muzan-e. A 1866 zuwa 1867 Tsukioka Yoshitoshi da Ochiai Yoshiiku, dukkansu almajiran mai zane Kuniyoshi, suka fitar da jerin hotuna 28 na shahararrun kashe-kashe, kowa 14, yawancinsu daga wasannin kwaikwayon Jafan na kabuki. Idan aka karkata takardar ga haske, sauran launuka a kwance suke, jinin kuwa yana ƙyalli kamar bai gama daskarewa ba. Sirrin yana hannun mai bugu.

Ga yadda ake yi. Mai zane ya ba da zanensa, a manna shi a kife kan allon icen ceri, masassaƙi ya fere duk abin da ba layi ba. Kowane launi da allonsa. A gefen kowane allo akwai tsaga biyu, kento, ɗaya a kusurwa ɗaya miƙaƙƙiya, nan ake jingina takarda. Idan kento ta goce ko da kaurin farce ne, jini zai fita daga bakin rauni ya hau riga, hoton ya lalace.

Takardar ɓawon icen kozo ce, kusan santimita 39 da 26. Ana shafa mata ruwan danƙon fata da ɗan alif kafin komai, don kada launi ya malale, sannan a jiƙa ta kaɗan ta kwana a rufe. Sauran launuka da kokon shinkafa ake goga su a allo, a murza bayan takardar da baren, faifan nan da aka naɗe da ɓawon gora.

Jinin ne ke da rigima. Shi da danƙon fata, nikawa, ake haɗa shi, kuma danƙon bai da haƙuri. A narka shi a ruwan ɗumi. In ya tafasa, ƙarfinsa ya tafi. In ya huce a kan allo, sai ya yi kauri ya kama takardar ya fizge fuskarta. In ya yi yawa, bayan ya bushe sai ya tsattsage. In takarda ta jiƙe da yawa, sai ta shanye shi, ƙyallin ya mutu, a tashi da ja kawai irin na riga. Gwaji huɗu na yau, uku a nan suka faɗi, na huɗun da aka bar kofin danƙon cikin ruwan ɗumi ne ya yi.

Sunan ero guro da ake danganta irin waɗannan hotuna da shi, wato haɗa sha'awa da abin ƙyama, sai wajen 1930 ya bazu a Tokiyo, bayan girgizar ƙasar 1923, zamanin labaran marubuci Edogawa Ranpo. Amma idon da ke kallon jiki yana lalacewa ya girme shi nesa: masu addinin Buda sun daɗe suna zana kusozu, matakai tara na ruɓewar gawa, don kashe sha'awa a zuciyar mai kallo. Abin da ke damuna shi ne masu kwaikwayon yanzu da ke zuba jini da kwamfuta babu lissafi. Masu zane Maruo Suehiro da Hanawa Kazuichi, da suka sake nasu 28 ɗin a 1988, sun tsaya sun karanci layin Yoshitoshi tukuna.

Gobe za a rage danƙon, a gwada bugu biyu a wuri ɗaya.