Kafin a ɗaura bwat, a auna kuloshi

Motar da take cinye faifan ambiriyaji (faifan da ke haɗa inji da giya) kafin lokacinsa, ko take tofo giya ta huɗu da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, yawanci bwat, wato akwatin giya, ake ɗora wa laifi. A sauke ta, a buɗe, a sauya rulma (zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa), a mayar. Bayan wata biyu ko uku motar ta sake dawowa garaji da kukanta na da. A nan Tahoua na ga haka ya faru da Hilux da Hiace da Land Cruiser masu bin hanyar Abalak da Agadez, kuma sau da yawa bwat ɗin lafiyarta lau. Zamanta a bayan inji ne ya karkace.

Tsakanin inji da bwat akwai kuloshi, ƙoƙon ƙarfen nan da ke rufe bolan (babban faifan ƙarfe mai nauyi na bayan inji) da ambiriyaji. Aikinsa ya wuce rufi. Shi ke riƙe bwat ta yadda sandarta ta gaba za ta zama a layi ɗaya da bilbirike, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji. Bakin sandar yana shiga wata ƴar ƙaramar rulma da ke gindin bilbirike, faifan ambiriyaji kuma yana zaune a kan haƙoranta. In tsakiyar kuloshi ta kauce daga tsakiyar bilbirike, to a kowane juyi na inji ana tanƙwara sandar nan. Inji mai juyi 2.500 a minti ɗaya, a hanya mai zafi da ramuka irin tamu, ka lissafa da kanka wahalar da ƙaramar rulmar take sha. Ita ke fara mutuwa, sai rulmar gaban bwat ta bi ta, sai tsakiyar faifan ta tsage ko ƴan waya masu murɗi da ke cikinsa su zube.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar turaka. A bayan kowane inji akwai ƴan turakan ƙarfe guda biyu da ke shiga ramukansu a jikin kuloshi. Su ne ke tsayar da shi a tsakiya. Bulon matsewa kawai yake yi, domin raminsa ya fi shi faɗi. Injunan da ake kawo mana na hannu, sau da yawa turke ɗaya ya tsaya a tsohuwar bwat ɗinsa can ƙasar da aka ciro shi, ko ya faɗi a hanya. Yaro ya duba ya ga rami wayam, ya ce ai bulon zai riƙe. Wani ma da gangan yake cire turken saboda bwat ta ƙi shiga, sai ya jawo ta da bulon har ta manne. Ranar da aka yi haka an riga an ɗaura wa mai motar asara, ko da mota ta tashi ta tafi sumul.

Awon ba ya da wuya, haƙuri yake so. Farko a wanke bayan inji da fuskar kuloshi tas. Tsatsa, busasshen fenti, ƙasar da iskar hunturu ta liƙa da baƙin mai, duk a kankare, a shafa yatsa a ji ko akwai tudun da guduma ta tayar. A raba kuloshi da bwat, a ɗaura shi shi kaɗai a kan inji tare da turakansa, a matse bulon duka kamar an gama aiki. Sai a kafa agogon awo mai gindin maganaɗisu a kan bolan, allurarsa ta taɓa cikin zagayen ramin da hancin bwat ke zama. A cire buji don inji ya yi sauƙin juyawa. Ni ina sa yaro a gaba yana juya bilbirike a hankali, ni ina kwance a baya da alli a hannu.

Ina mayar da agogon sifili a sama, in rubuta abin da ya nuna a dama, a ƙasa, a hagu, a jikin kuloshin kansa. In an zagayo sama dole allura ta koma sifili. In ba ta koma ba, gindin agogon ya motsa, a sake. Akwai wata hanyar tabbatarwa da nake so ƙwarai: lambar dama da ta hagu in an haɗa su, su ba da lambar ƙasa. In sun ba da, awonka gaskiya ne.

Abin da agogo ya nuna tsakanin gefe biyu masu kallon juna ninki biyu ne na ainihin kaucewar, don haka rabawa ake yi. Iyakar da aka saba bi ita ce kaucewar kada ta wuce milimita 0,13, wato agogo kada ya nuna fiye da kamar 0,25. Misali sama sifili, ƙasa 0,40: kuloshi ya kauce da 0,20, ya wuce iyaka. Gefen da allura ta fi nutsewa, can bango ya fi kusa da tsakiya, kuma can za a tura kuloshin. Ana ƙera turaka masu ɗan doro don wannan gyara, na 0,18 da 0,36 da 0,53. Samunsu a nan sai an aika, amma mai tur (injin sassaƙa ƙarfe) da ya san hannunsa zai iya fitar da su in ka ba shi lamba daidai. Bayan an sa su a sake awo tun daga farko.

Fuskar da bwat ke kwanciya a kai ma ana aunawa, allura a kan fuskar maimakon cikin rami. Nan iyakar ta fi tsanani, kamar 0,05. A tura bilbirike gefe ɗaya kafin kowane karatu, in ba haka ba wasansa na gaba da baya zai ruɗe ka. Kuloshin da ya taɓa tsagewa aka yi masa walda, shi ne wanda ban taɓa yarda in ɗaura ba awo ba, don wuta tana janye alminiyom. Su Starlet da Corolla kuwa, irin tasin Yamai, kuloshinsu haɗe yake da bwat, babu inda za a kafa agogo cikin sauƙi. A can turakan nan biyu da tsabtar fuska su ne duk kariyarka.

Masu mota ba su son jinkiri, na sani. Wani dattijo mai Hiace ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, "Maigida, fasinja na jira a tasha, wannan agogon na mene ne kuma?" Na ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri zuwa la'asar. Dubi nan." Na sa yaro ya juya inji, ya ga allura ta yi tafiyar kusan rabin agogo ta dawo. Da muka zare kuloshin, ramin turken hagu ya zama kamar ƙwai don cin da ya yi. Wani kuloshin muka nemo masa a wurin masu sayar da kayan hannu, muka auna shi ya tsaya a 0,10, sannan muka ɗaura bwat.