Littafin da Mama ta ciro daga jakarta

Shekara shida na yi ina aiki a wata ƙungiya da ke karɓo tallafi daga manyan masu bayarwa, tana rarraba wa ƙananan ƙungiyoyin mata a wuraren da rikici ya ɗaiɗaita. Aikina shi ne tantancewa: wa ya cancanci a ba shi, wa bai cancanta ba. Na shiga aikin da takardar sharuɗɗa a hannu, ina ganin zan je in koya wa matan nan yadda ake tsara aiki.

Ƙungiyar da ta fara sauya mini tunani ba ta da ofis. A gidan shugabarsu suke taruwa, wata dattijuwa tsohuwar ungozoma da kowa ke kira Mama. Na zauna na shiga jero tambayoyina. Kuna da takardar rajista? Babu. Asusun banki da sunan ƙungiya fa? Babu. Rahoton binciken kuɗi na shekarun baya? Nan ma babu. Ta bari sai da na kai aya, sannan ta ciro wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yage an ɗinke shi da zare. Ta ce, "'Yata, duba wannan tukuna."

Sunan kowane iyali da ya gudo garin yana ciki, da gidan da ya sauke su, da yawan yaransu. Akwai masu juna biyu da watan da kowace take ciki. Akwai tsofaffin da ba za su iya takawa zuwa wurin rabon kaya ba, da matan da har lokacin ba su san ko mazansu na raye ba. Gefen wasu sunaye na ga an ɗiga alama. Da na tambaya sai ta rufe shafin da tafin hannunta, ta ce waɗannan ba na karantawa ba ne, 'yan matan da aka ci wa zarafi a hanya ne, ita da kanta take kai su asibiti ba tare da kowa ya sani ba. A lokacin manyan ƙungiyoyin agaji suna kan tura ma'aikata su ƙidaya mutane. Matan nan kuwa sun gama ƙidayar tun a kwanakin farko, domin ƙofofinsu aka fara ƙwanƙwasawa cikin dare.

Bisa ƙa'idarmu, kamata ya yi in rubuta cewa ba su cancanta ba. Na koma ofis na yi ta ja da shugabannina, har aka yarda wata ƙungiya mai rajista ta riƙe musu kuɗin yayin da muke taya su neman tasu takardar. Sai da aka ɗebi watanni kafin kuɗin ya isa hannunsu.

A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a watan Mayun 2016, manyan masu ba da tallafi da hukumomin agaji sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida, kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci adadin ba. Daga teburina na ga ɗaya daga cikin dalilan. Kowane mai bayarwa yana tsoron ranar da masu binciken kuɗi za su zo masa, sai ya sauke tsoron a kan na ƙasa da shi, shi ma ya sauke wa na ƙasansa, har ya dira a kan mata goma sha da ke zaune a tsakar gida. Kuɗin yana bi ta hannu uku ko huɗu, kowa yana cire kason gudanar da ofis. Idan ya iso ga masu aikin da ƙafafunsu, sai a ce musu ba a yarda su saka kuɗin mota ko katin waya ko alawus ba, ayyukan da aka lissafa kawai za a biya.

Mu ma mun yi musu wannan. Tsarinmu ya ce su fara kashewa, su kawo rasit, sannan a mayar musu. Ban gane nauyin abin ba sai da na ji cewa bashi suke ciwowa don kai marasa lafiya asibiti, kuma mai babur ba ya ba da rasit. Daga baya muka koma ba su kuɗin tun farko, muka karɓi littafin da mutum biyu ke sa hannu a kowace tafiya a madadin rasit. Lissafinsu bai taɓa saɓawa ba.

Aikin sulhunsu ya fi wuyar shiga takarda. Rijiyar burtsatse ɗaya ce a unguwar, 'yan gari da masu gudun hijira duk a nan suke ɗiba. Cacar baki ta tashi a layi tsakanin mata biyu, kafin yamma samari sun fara fitowa da sanduna. Mama da abokan aikinta suka tara mata daga ɓangarorin biyu, suka raba lokutan ɗibar ruwa, suka naɗa mace ɗaya daga kowane ɓangare ta tsaya a bakin famfon. Abin da ya fi muhimmanci ya faru ne bayan an watse: kowace ta koma gida ta zaunar da ɗanta da mijinta. Washegari ba a ga sanda ko ɗaya ba. Da na zo cike rahoto, gurbin da ke gabana yana tambayar mutum nawa aka horar, taro nawa aka yi. Babu inda zan rubuta faɗan da aka kashe tun bai kama ba. Daga baya na karanta cewa a Wajir, arewa maso gabashin Kenya, haka abin ya faro a 1993. Rikicin ƙabilu ya shigo har kasuwa tsakanin mata, sai wasu mata, cikinsu har da Dekha Ibrahim Abdi, suka fara da daidaita kasuwar, daga nan suka jawo dattawa da samari da hukuma cikin sulhun.

Akwai kuskuren da har yau yake damuna. Masu ba mu kuɗi suna son hotuna, ni kuma na ɗauki hoton wani zama na haɗa da rahoto ba tare da na zauna da matan mun yi magana a kan inda zai iya kaiwa ba. Hoton ya fito a intanet. A cikinsa akwai wata mata da ke zuwa a ɓoye wajen iyayen samarin da suka ɗauki makami, tana lallashinsu su kira 'ya'yansu su dawo. Aka fara yi mata barazana, dole ta bar garin ta koma wajen dangi na wasu makonni, hanyar da ta sha wahalar buɗewa kuma ta toshe. Na je na ba ta haƙuri, ta karɓa, amma Mama ta gaya mini maganar da ban manta ba: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kin tambaye mu, da mun faɗa miki wanda bai kamata a gani ba." Tun daga ranar ba na ɗaukar hoto ko rubuta suna sai su ne suka zaɓa, kuma idan mai tallafi ya matsa, ni nake tsayawa in yi masa bayani.

Ƙuduri mai lamba 1325 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a ranar 31 ga Oktoban 2000 ya nemi a riƙa damawa da mata a duk matakan sasanta rikici. Na ga yadda ake cika wannan a baki kawai. An taɓa gayyatar Mama wani babban taro saura kwana biyu, da harshen da ba ta ji, ba tafinta, aka ba ta 'yan mintuna a ƙarshe lokacin da manyan baƙi sun fara tashi. Matan Laberiya a 2003, Musulmi da Kirista cikin fararen kaya ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee, sai da suka tare ƙofofin zauren tattaunawar kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasarsu a Akara, babban birnin Ghana, kafin masu yaƙin suka mayar da hankali, aka sa hannu a yarjejeniya a watan Agusta. Yanzu duk kasafin da na tsara yana da kuɗin tafinta, da na wanda zai kula da yara, kuma ina neman ajandar taro da wuri don matan su zauna su tsayar da abin da wakiliyarsu za ta faɗa.

Ba kowace ƙungiya ce ta gaskiya ba. Na gamu da waɗanda aka kafa ranar da aka ji labarin kuɗi, takardunsu kuwa sun fi na kowa kyau. Hanyar da na fi yarda da ita yanzu ita ce in tambayi matan unguwa: idan abu ya same ki da tsakar dare, ƙofar wa za ki buga? Na kuma ga ƙungiya ta gari ta tarwatse saboda an zuba mata kuɗi mai yawa lokaci guda, zargi ya shiga tsakanin matan da suka yi shekaru suna aiki tare. Kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru, wanda su da kansu za su yanke inda za a sa shi, ya fi amfanar su nesa ba kusa ba.

Tallafinmu ga su Mama na wata goma sha biyu ne, sai da na yi ta bibiya kafin aka sabunta shi. Da na koma don mu tsara sabon kasafi, littafin ya zama uku, kuma wata budurwa daga cikin waɗanda suka gudo ce ke rubutun saboda idon Mama ya raunana. Na tambaye su me za mu fara sakawa. Suka kalli juna, sai budurwar ta ce akwatin ƙarfe mai kwaɗo suke so, inda za su riƙa kulle littattafan saboda sunayen nan masu alama. Shi na rubuta a layin farko.