Godiya ga duk wanda ya tsaya mana kan Duna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da iyalina muna miƙa godiya ga jama'ar ƙauyenmu na ƙasar Auyo kan abin da ya same mu a makon jiya. Ga waɗanda ba su ji ba, ɓarayin awaki ne suka hauro mana garke da tsakar dare, karenmu Duna ya tare su, suka sare shi da adda a kafaɗa suka arce. Ko ɗan akuya ba su fita da shi ba. Shi kuwa Duna bai tashi ba.

Lokacin ambaliyar 2022, da kogin Haɗeja ya shanye mana shinkafa, yarana suka tsinto shi a kan wani tudu, ɗan kwikwiyo, kunnuwa cike da kaska, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Mu kanmu a lokacin abin sawa a baki sai an yi dabara, amma uwargida ta zuba masa koko a sakaina ta ce a bar shi.

Maganganu sun biyo baya, har akwai wanda ya daina zama a ƙofar gidana. A nan ne Malam Liman ya yi mini abin da ba zan manta ba. Bayan sallar magariba ya karanto hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ya ƙara da cewa shari'a ta yarda da karen gadin dabbobi da na gona da na farauta, kwanon da ya lasa kuma a wanke shi sau bakwai. Daga ranar bakin kowa ya mutu. Allah ya gafarta Malam, na gode.

Riƙonsa ya ci kuɗi: maganin kaska, na tsutsar ciki, allurar rigakafin haukan kare duk shekara. Wallahi ban taɓa jin ƙyashin ko kwabo ba, domin tun da ya girma nake barci da ido biyu a rufe.

Baba maƙwabcina, kai ka fara fitowa da tocila, ka cire rawaninka ka ɗaure masa raunin, jini har gwiwar hannunka. Allah ya ƙara girma. Ƙanena mai babur ya ɗauke mu da asuba zuwa Haɗeja, Duna a cikin kwando a cinyata, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Likitan dabbobi ya ɗinke, ya sa masa ƙarin ruwa, sai dai jinin da ya zuba ya yi yawa. Mai unguwa da 'yan sintiri har yau suna zagaya mana. Matan unguwa kuma sun zo sun rarrashi autata, wadda har jiya ta ɗauki ƙanzo ta nufi garke kafin ta tuna.

Likitan ya ba ni saƙo in isar. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti, kada a jira alama ta bayyana. Ya kuma yi alkawarin zuwa ranar kasuwa ya yi wa karnukan gari allura. Mai kare ya kawo nasa, zan tsaya a wurin in taya riƙewa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.