Baƙo da mai gida a bakin Mayo Kam

Laraba, Gashaka. Hazo ya sauko cikin dare. Da gari ya waye duwatsun kudu sun dushe, sai layinsu kawai ake gani. Mun fita da Baba, ma'aikacin gandun daji, bayan asuba, don a gandun dajin Gashaka-Gumti baƙo ba ya shiga daji sai da ma'aikaci. Muka sami falalen dutse a bakin Mayo Kam, rana ta hannun hagu, inuwar wata bishiya a kan allon zanena. Inuwar nan ba don jin daɗi ba ce: idan rana ta bugi farar takarda ido yana ruɗewa, mutum ya yi ta ƙara duhu, sai ya koma masauki ya ga zanen ya yi baƙi ƙirin.

Kayan yau kaɗan ne. Takardar auduga mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, na manne gefenta huɗu da salatif a jikin allo. Buroshi uku: mai faɗi na sararin sama, mai tsini lamba 8, da ƙarami na rassa. Fentin ruwa kala huɗu: shuɗi irin na bula, jar ƙasa ƙonanniya, rawayar ƙasa, da rawaya mai haske. Ruwa gora biyu, ɗaya na sha, ɗaya na wanke buroshi. Fenti mai mai na bar shi a gida, domin kwanaki yake yi bai bushe ba, ƙura kuma ba ta jira.

Matsalar hunturu bushewa ce. Kana jan ruwan sama daga saman takarda, kafin ka kai tsakiya na farkon ya bushe, sai ya bar maka layi mai kaifi a inda babu layi. Maganinsa: a jiƙa bayan takardar tukuna, a dama kalar da yawa a murfi kafin buroshi ya taɓa takarda, a karkata allon kaɗan yadda ruwan zai taru a bakin shafin yana gangarowa, kada a koma baya ko da an ga aibu. Ɗigo biyu na gilisarin a kofin ruwa yana jinkirta bushewa. Idan ya fi haka takarda ta yi danƙo, ƙura ta manne.

Na fara da inuwa, kamar kullum. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, don haka a minti goma na farko ake tsayar da inda kowace inuwa ta faɗi, a riƙe ta a nan ko da ta gusa. Bayan awa biyu a naɗe kaya, hasken ya zama wani.

Wajen ƙarfe tara Baba ya taso ya leƙo ta kafaɗata. Ya daɗe bai ce komai ba.

“Malam, wannan ba dutsen nan ba ne.”

Na ce, “Baba, to wanne ne?”

Ya ce dutsen nan kurmi ne, kore shar, ya hau shi ya fi a ƙirga, akwai wuraren da rana ba ta kaiwa ƙasa. Ni kuwa na mayar da shi ruwan toka. Na miƙa masa ɗan kwalin da nake yawo da shi, mai huji a tsakiya wanda bai fi farce ba. Da shi ake raba kala da abin da ƙwaƙwalwa ta sani: a rufe ido ɗaya, a duba dutsen ta hujin, sannan a duba takarda. Ya duba, ya sake dubawa.

“Na gani,” in ji shi. “Amma hazo baƙo ne, wata biyu ko uku zai yi ya tafi. Kai ka zana baƙo ka bar mai gida.”

Ya koma gindin bishiyarsa. Ni kuma maganar ta zauna min har yanzu da nake rubutun nan da tocila.

Ta fuskar sana'a ba ni da abin gyarawa. Littattafan koyon zane suna cewa abu mai nisa yana komawa shuɗi, kuma gaskiya ne inda iska take garau, domin iska mai tsabta hasken shuɗi ta fi watsawa. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, ƙwayoyinta manya ne, kusan dukkan kala suke watsawa daidai. Shi ya sa nesa ba ta yin shuɗi, fari-fari take yi mai ɗan ratsin rawaya. Wanda ya bi littafi ya zuba bula a duwatsun Janairu zai fito da hoton wata ƙasa. Haɗin da ya yi min daidai yau: jar ƙasa da shuɗi kusan rabi da rabi su ba da toka, a ɗan taɓa rawayar ƙasa, a tsinka da ruwa sosai. Dutse mafi nisa shafi ɗaya. Na tsakiya shafi biyu, bayan na farko ya bushe. Kore na gaskiya sai a bishiyoyin wannan gaɓar, su ma da jar ƙasa a ciki don ya kashe musu kaifi.

Duk wannan na sani. Abin da ya dame ni shi ne wanda zai tsaya gaban zanen a Kano ko Kaduna. Bai taɓa zuwa Taraba ba, ba shi da labarin cewa can wajen iyakar Kamaru akwai Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, ko cewa ƙarƙashin wannan tokar akwai dajin da birai ke kwana. Zai ga tsauni busasshe ya wuce. Baba ba kala yake karewa ba, wurin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana tsaro yake karewa. Ba zan ƙara kore ba, idona bai gan shi ba. Sai dai amsar da na ba shi ta kwali ce, shi kuwa ba ita ya tambaya ba.

Ƙudan tsando da rana tsaka. Shuɗi da baƙi ke janyo su, shi ya sa tarkonsu ma da waɗannan kalolin ake yin sa. Don haka dole rigar zane ta zama ruwan ƙasa, jakar ma haka.

Birai a ƙetaren ruwa. Abinci ya zauna cikin jaka a rufe.

Ruwan wanke buroshi na dawo da shi a gora, ba a zubarwa a kogi.

Da yamma na tambayi Baba yaushe dutsen ke fitowa da korensa. Ya ce bayan ruwan farko, amma a lokacin kogi ya fara cika, hanya kuma sai a hankali. Ya ce in na isa in dawo, shi zai riƙe min allon. Salatif ɗina saura na takarda biyu, kuma mota ba za ta fita zuwa garin Serti ba sai Asabar.