Abin da hiliyom ya koya min a kan DFT

Lokacin da nake firojet ɗina na digiri na biyu a nan Katsina, Malam ya ce in ɗauki ƴan atam in lissafa wane haske kowanne yake sha, sannan in gwada da teburin NIST, hukumar awo ta Amurka. Na sa ORCA, manhajar da ke yin DFT (hanyar lissafa kuzarin atam daga yadda ilaktiron suke cunkushe a cikinsa), a laftof tunda kyauta ne ga ɗalibai, da daddare nake aiki in gari ya ɗan yi sanyi kuma an kawo wuta.

Na fara da magniziyom. A gwajin lab yana shan haske a 285 nm (tsawon zangon hasken), a ma'aunin kuzari wajen 4.35 eV kenan, ni kuma TDDFT, reshen DFT da ke lissafa shan haske, wadda Runge da Gross suka kafa a 1984, ta ba ni lamba dab da wannan, wallahi ranar har bacci ya ƙi zuwa don murna.

Sai na zo kan hiliyom, ilaktiron biyu kacal. NIST ta ce tsallen ilaktiron daga obital (mazauninsa a atam) na 1s zuwa na 2p yana cin 21.2 eV, nawa ya fito ƙasa sosai, kuma duk sanda na ƙara faɗin besis, wato tubalan lissafin da ake gina obital da su, sai lambar ta ƙara gangarawa, sati biyu ina neman kuskure a fayil ɗina babu. Da na kai wa Malam sai ya ce "duba kuzarin obital ɗin 1s tukuna". LDA, kimantawar DFT da nake amfani da ita, ta ba obital ɗin wajen 15.5 eV, alhali fizge ilaktiron daga hiliyom sai da 24.6 eV. Wato a lissafin nan kafin ilaktiron ya kai 2p tuni ya bar gida!

Dalilin shi ne a LDA ilaktiron yana ture kansa da kansa, saboda haka in ya yi nisa da tsakiyar atam janyowar da ya kamata ta ragu a hankali kamar 1/r (r shi ne nisan) sai ta mutu da wuri. Magniziyom ya tsira ne don tsallensa gajere ne, a kusa da gida ake yinsa. Na nesa kuwa, matakan Rydberg, ba abin da ke riƙe su.

Ni ban raina DFT, aikin da ya ba Walter Kohn kyautar Nobel a 1998 ba, ƙa'idar lafiyarta lau, kimantawar da muke cusa mata ce ke da rauni. Da na koma wata kimantawar, CAM-B3LYP, giɓin ya ragu amma bai rufe ba, haka na rubuta shi a babi na huɗu. Yanzu ko ƙannenmu suka kawo min sakamako, kuzarin obital na sama nake fara tambayarsu, in gwada shi da na NIST.