Rufa wa mara lafiya jiki a ɗakin tiyata

Ni nas ce a ɗakin tiyata, kuma cikin ayyukanmu babu wanda aka raina kamar rufa wa mara lafiya jiki, ana ɗauka tausayi ne kawai. Alhali da zarar an yi masa allurar barci jijiyoyin jini na fata sai su saki, ɗumin cikin jiki ya watsu zuwa hannuwa da ƙafafu, a awar farko kaɗai zafin jikinsa kan sauka da digiri 1 zuwa 1.5, ga esi yana ta busowa saboda likitoci na gumi cikin riguna, ga ciki a buɗe, ga ruwan wanke fata mai sanyi. In ya yi ƙasa da digiri 36 to an fara shiga matsala, jini ba ya saurin daskarewa sai zubarsa ta ƙaru, ɗinki ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, maganin barci ya daɗe bai sake shi ba, in ya farfaɗo kuma ka ga bawan Allah yana ta karkarwa, wallahi abin na taɓa min zuciya.

Na yi aiki da kaya kala-kala, bargon auduga, zanin tiyata na takarda, leda, har da mai ƙyallin nan kamar alminiyam. Gaskiya bambancinsu kaɗan ne, don iskar da ta maƙale tsakanin fata da mayafi ita ce ke riƙe ɗumin. Mayafi ɗaya yana rage asarar zafi da kusan kashi 30 cikin 100, in ka jibga uku ma da ƙyar ya kai 50. Shi ya sa maimakon in tara barguna a ƙirji gara in bi duk inda likita ba zai taɓa ba in rufe, kafaɗu, hannuwan da aka miƙe a gefe, ƙafafu, kai. Jarirai kam hula dole ce, kansu babba ne in aka gwada da jikinsu.

Bargon da aka ɗumama yana da daɗi, mara lafiya zai ta sa miki albarka, amma kafin minti 10 ɗumin ya tafi. Zani kuwa in ya jiƙe da jini ko ruwa ya zama mai janye zafi, a canza shi in da hali.

Duk waɗannan fa riƙewa kawai suke yi, ba sa ƙara zafi. In aikin zai wuce rabin awa sai an haɗa da na'urar hura iska mai ɗumi irin su Bair Hugger, kuma ya fi a fara ɗumama mutum kamar minti 30 kafin allura. Don Allah kada a cusa bututun a ƙarƙashin zani ba tare da bargonsa na musamman ba, yana ƙona fata, haka ma robar ruwan zafi, wanda ke barci ba zai ce miki ya ji zafi ba. Ruwan ƙari da jini su ma a ɗumama su, lita ɗaya mai sanyin ɗaki na rage wa babba zafin jiki da kusan digiri 0.25.

Waɗanda aka yi wa allurar ƙashin baya mai kashe rabin jiki na ƙasa sun fi yaudarar mutum, idonsu biyu, ki tambaya su ce ba sa jin sanyi alhali zafin cikin jikinsu na ta sauka. Ni dai ma'auni nake sakawa in duba duk bayan minti 30.